Farfaɗo da Tsohuwar Jitar Bes: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne ke ta dawowa daga bakin waɗanda suka tsinci tsohuwar jitar bes, wato jita mai kaurin murya, mai aiki da lantarki, ko a gwanjo, ko a ɗakin ajiyar wata ƙungiyar kiɗa da ta watse, suna so su dawo mata da murya da hannunsu. An fara da na masu shigowa, aka gangara zuwa na waɗanda suka riga suka kwance sukurori.

Wace jita ce ake ce wa tsohuwa, kuma me ya sa ake damuwa da ita?

Babu wata hukuma da ta yanke shekaru, amma masu tarawa sun fi nufin waɗanda aka ƙera daga shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1980. Wani Ba'amurke mai suna Paul Tutmarc ya ƙera bes mai lantarki a birnin Seattle tun a shekarun 1930, sai dai ba ta karɓu ba. Wadda ta buɗe kasuwa ita ce Precision da Leo Fender ya fitar a 1951 a garin Fullerton na jihar Kalifoniya. A 1957 aka sauya mata maɗaukin sauti, wato na'urar da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi tana mayar da motsinsu lantarki, zuwa mai ɓari biyu, wanda har yau shi ake gani a jikinta. Jazz Bass ta biyo baya a 1960, Rickenbacker 4001 a 1961, sai StingRay ta kamfanin Music Man a 1976, mai ɗauke da batir a ciki.

Shekarar da dillalai ba sa mantawa ita ce 1965, lokacin da kamfanin CBS ya saye Fender a kan dala miliyan 13. Duk abin da aka ƙera kafin cinikin nan yana da tsada ta fitar hankali. Ko sautin ya kai tsadar, wannan gardama ce da ba ta ƙarewa, kuma ni ina ɓangaren masu cewa rabin kuɗin na labari ne.

Ban taɓa gyara ko ɗaya ba. Da wace zan fara?

Da wadda in ka lalata ta ba za ka kasa barci ba. Masana'antun Japan irin su Matsumoku da FujiGen sun ƙera kwaikwayon Fender da Gibson masu yawa a shekarun 1970, da sunaye kamar Aria, Greco da Ibanez, kuma da dama daga cikinsu suna da kyau ƙwarai. Akwai kuma Teisco na shekarun 1960, da Jolana ta Chekoslobakiya da Musima ta Jamus ta Gabas, masu arha da taurin kai. Nemi wadda wuyanta ke ɗaure da sukurori, domin za ka iya cire shi ka yi aiki a kansa a kan tebur, in ya gagara ma ka sa wani. Wadda aka liƙa wuyanta da gam, kamar Gibson EB-0 ko Höfner 500/1 irin ta Paul McCartney, ba ta ɗan koyo ba ce.

Me zan duba kafin in biya kuɗi?

Wuya, sannan wuya, sannan sauran. Ɗaga jitar ka hango tsawon wuyan daga kai, kamar mai duba miƙewar katako. Ɗan lanƙwasa ba komai ba ne, ana gyara shi. Amma idan gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, wato wuyan ya murɗe kamar igiya, ajiye ta ka yi sallama. Roƙi mai ita ya bari ka ɗan taɓa sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, ka ga ko tana juyawa gaba da baya. In ya hana, rage kuɗin da ka yi niyya sosai, dalili kuwa yana cikin amsar sandar da ta ƙi motsi a ƙasa.

Juya bayan kan jitar ka duba da fitila, musamman idan Gibson ce. Kanta a karkace yake kuma itacen mahogani ne, faɗuwa ɗaya kan karya shi. Karayar da gwani ya ɗora tana riƙewa shekaru, sai dai dole farashi ya sauka. Rashin sauti, tsatsa, datti da ɓacewar maballi kada su tsorata ka, su ne ma ke sa a sallama maka da sauƙi.

Yaya zan gane shekarar da aka ƙera ta?

Lambar siriyal kaɗai ba ta isa shaida ba. A tsofaffin Fender tana kan farantin ƙarfen da ke riƙe wuya, kuma farantin nan sukurori huɗu ne kawai tsakaninsa da wata jitar. Sai wajen 1976 aka mayar da ita kan kai. Shi ya sa ake haɗa shaidu uku ko huɗu: lambar, da kwanan watan da aka rubuta da fensir ko aka buga da hatimi a gindin wuya, da irin wayoyin ciki, da lambobin bayan maballan murɗawa.

Na maballan nan sun fi daɗin karantawa. Lambobi uku na farko sunan masana'anta ne: 137 na CTS, 304 na Stackpole, 134 na Centralab. Sauran kuma shekara da mako. Idan ka ga 1376642, to CTS ce ta yi shi a mako na 42 na shekarar 1966. Abin da wannan ke gaya maka shi ne ba a haɗa jitar kafin wannan mako ba, muddin maballin na asali ne. Fender ta sayi maballai jingim a 1966 ta yi ta amfani da su shekaru bayan haka, don haka kada ka yi saurin rantsuwa.

Na kawo ta gida. Me zan fara yi?

Hoto. Kafin ka taɓa sukuru ko ɗaya, ɗauki hoton kowane lungu, musamman yadda wayoyi suka bi. Sannan ka sami ƙananan ledoji da biro, kowane rukunin sukurori da ledarsa da sunansa. Duk abin da ka cire, ko da waya ce guntuwa ko maballin da ya mutu, ajiye shi a akwatin jitar. Ranar da za ka sayar, ledar nan ta tarkace tana iya ƙara maka kuɗi fiye da sabon kayan da ka sa.

Kayan aikin ba su da yawa: sukudireba masu kyawun baki, alanki (ɗan lanƙwasasshen ƙarfe mai gefe shida na juya noti), mita ta awon lantarki, ƙarfen narka dalma, ruler ta ƙarfe, ƙarafan awon tazara irin na makanikai, da tsummokaran auduga. Abu ɗaya da ke cin sababbi shi ne awo. Kayan Amurka da inci aka yi su, na Japan da Turai da milimita. Alankin da ya kusa daidai amma bai zauna ɗaram ba, shi ke cinye kan noti.

Da me zan goge dattin shekaru arba'in?

Fara da tsumma busasshe, sannan mai ɗan danshi. Abin da ya ƙi fita, sa masa ɗigon man nafta, irin wanda ake zuba wa ƙyastu, domin ba ya cin fenti kuma yana bushewa nan take. Kada ka kusanto da sifirit, tina ko abin goge farce. Fender ta yi amfani da fentin naitiro har zuwa ƙarshen shekarun 1960, Gibson kuwa ba ta taɓa barinsa gaba ɗaya ba, kuma waɗannan ruwaye narkar da shi suke yi. Ko ba ka san irin fentin ba, ɗauka naitiro ne, ka gwada a wurin da farantin gaba ke rufewa.

Naitiro ba ya shiri da roba ma. Na taɓa jingine wata a kan mariƙi mai hannun roba na yi tafiyar mako uku, na dawo na tarar da layi biyu masu danƙo a bayan wuyan, daidai inda babban yatsa ke bi. Har yau suna nan. Tun daga ranar nake naɗe hannun mariƙi da tsohuwar singileti.

Allon yatsu idan na itacen rozwud ne marar fenti, kankare dattin gefen firet, wato siraran ƙarafan da aka jera a kansa, da tsohon katin banki, ka shafa ɗan mai kaɗan ka goge. Kaɗan ɗin nan da gaske nake, ba suya za ka yi ba.

Fentin ya tsattsage, wani wurin har itace ya fito. In sake mata fenti?

Idan jita ce mai daraja, a'a. Ƙananan tsagogin nan masu kama da saƙar gizo dabi'ar naitiro ce, itace na kumbura yana motsewa da zafi da sanyi, fentin kuma ya gaza binsa. Masu saye suna nemansu, har kamfanoni na ƙirƙirar na ƙarya a jikin sababbin jitoci su sayar da tsada. Dillalai kan zabge kusan rabin farashin jitar da aka sake wa fenti, komai kyan aikin. A nan ne ake zuwa neman gira a rasa ido.

Idan kuwa wani ya riga ka ɓarna, ya shafe ta da fentin ƙofa, ko kuma mai arha ce da kake koyo a kanta, to bismilla. Cire fentin a hankali, kada samfefa ta cinye gefuna ta sauya siffar jikin, kuma kada ka taɓa ramin da wuya ke zama, can ne ake samun hatimi da ragowar launin asali. Naitiro yana kama wuta, tururinsa kuma guba ne, don haka a fili ake fesa shi da abin rufe hanci na gaske. Yana bukatar makonni kafin ya bushe a iya goge shi. Tambarin kamfani kuwa, kada ka manna na Fender a kan abin da ba Fender ba. Ko kai ba ka yi niyyar cuta ba, wanda zai gaje ta daga hannunka zai iya yi.

Wuyan ya lanƙwashe, tsirkiyoyi sun yi nisa da allo. Yaya ake miƙe shi?

Tsirkiyoyi huɗu suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 90, dare da rana. Abin da ke hana shi sunkuyawa shi ne sandar ƙarfe da aka binne a cikinsa, mai noti a ƙarshe. Ɗaure notin, wato juya shi dama, yana miƙar da wuyan, sassauta shi kuma yana barin tsirkiyoyi su ƙara lanƙwasa shi.

Auna kafin ka juya. Danne tsirkiya mafi kauri a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, ka duba tazarar da ke tsakaninta da firet na takwas. Kusan milimita 0.3 ake so, kaurin katin gayyata ke nan. Idan ta fi haka, sassauta tsirkiyoyin, juya notin kwata ɗaya na zagaye ko ƙasa da haka, mayar da saiti, ka bar ta ta kwana. Itace ba ya amsawa nan take. A tsofaffin Fender notin yana gindin wuya, sai an sassauta sukurori an ɗaga wuyan kafin a kai gare shi, ka ɗaura, ka auna, ka sake kwancewa. Aikin ban haushi ne, amma haka aka gada. Tsofaffin Rickenbacker 4001 kuma sanda biyu gare su, kuma ba a miƙe wuyan da noti. Da hannu ake tanƙwara shi zuwa inda ake so, sannan a ɗaure notin ya riƙe. Wanda bai san haka ba yakan ɓamɓare allon yatsu daga wuyan.

Sandar ta ƙi motsi. In ƙara ƙarfi?

Kada ka kuskura. Kwance notin baya tukuna, fitar da shi gaba ɗaya idan yana fita, goge tsatsar, ka ɗan shafa masa giris. Sau da yawa shi ke nan. Idan ya kai ƙarshen zarensa wuyan bai miƙe ba, itacen da ke ƙarƙashinsa ne ya lotse, sai a sa wosha ɗaya ko biyu a ƙara masa wurin tafiya. Wata dabarar ita ce a matse wuyan a kan katako miƙaƙƙe har ya miƙe, sannan a ɗaure notin ba tare da ya yi dakon nauyin shi kaɗai ba.

Ƙarar karyewar sanda ba ta da yawa, ɗan ƙas ne kawai, sai ka ji alanki ya saki yana juyawa a banza. Ni na ji ta sau ɗaya a kan wata 'yar Japan, ina cewa saura kwata ɗaya. Gyaran sai an ɓare allon yatsu da zafi, kuma kuɗinsa ya fi kuɗin jitar.

Bakin firet yana yankar hannuna, wasu kuma sun cinye. Mene ne abin yi?

Firet su ne siraran ƙarafan da aka jera a kan allo. Idan iska ta bushe, itace na motsewa, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake, sai bakinsa ya leƙo. Jita ta fi son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, wanda ke nufin mai ajiye ta a Kano ko Zinder zai ga wannan matsala duk hunturu. Ajiye ta cikin akwatinta tare da jiƙaƙƙen soso a cikin gwangwani mai huji, kada ruwan ya taɓa itace. Idan bakin bai koma ba, a goge shi da ƙaramin magagari, kuma a lokacin hunturun ya fi, domin a sannan ya fi fitowa.

Cinyewa kuma mataki-mataki ce. Ramuka marasa zurfi ana daidaita su a sake zagaye kan ƙarfen. Masu zurfi sai an sauya. A Fender na wancan zamani daga gefe ake zura firet, kuma mai fizge su sama kai tsaye yakan ɓantare allon. Wannan aiki ne da ya kamata ka kai wa gwani, ko ka koya a kan wuya uku na banza tukuna.

Maballan suna ƙarar ƙarce, kuma akwai wani zuuu da ba ya tsayawa.

Ƙarcen datti ne. Fesa maganin wanke mahaɗar lantarki ta ɗan ramin da ke jikin maballin, ka murɗa shi sau talatin. Goge bakin soket ɗin da waya ke shiga, ka ɗan matse harshensa. Kada ka sauya maballi sai ya mutu murus, in ka sauya kuma sa mai awo ɗaya, 250k, wato om dubu 250 a mita, a yawancin Fender, ka adana tsohon saboda lambobin da aka yi bayani a amsar gane shekara.

Zuuu ɗin kuwa, gwada shi da hannu. Idan ka taɓa tsirkiya ya ragu, wayar at, wato mai kai wuta ƙasa, tana aiki, abin da ya rage shi ne a shimfiɗa takardar jan ƙarfe a ramin wayoyi. Idan bai ragu ba, wayar da ke tafiya ƙarƙashin jaki ta rabu. Jaki shi ne ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindin jita, kamar dai na goge. Kwance shi za ka ga bakin wayar ya nutse cikin fenti ko ya yi tsatsa. A Jazz Bass kuma, maɗauki ɗaya shi kaɗai dole ya yi ɗan zuuu, sai an buɗe biyun daidai yake ɓacewa. Haka aka ƙera ta.

Maɗaukin sauti ya yi shiru. Ya mutu ke nan?

Ba lallai ba. Cikinsa maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe mai sirantar gashi, zagaye dubbai. Sa mita a kan wayoyinsa biyu. Na Precision yakan nuna wajen 10k zuwa 11k, na Jazz kuma 7k zuwa 8k kowane. Idan mita ba ta nuna komai ba, wayar ta tsinke a wani wuri, kuma sau da yawa a daidai inda aka liƙa ta da dalma ne. Taɓa wurin da ƙarfe mai zafi na daƙiƙa biyu kan tashe shi. Idan tsinkewar tana can ciki, akwai masu sana'ar sake naɗi, kuma sake naɗe na asali ya fi jefar da shi.

Yayin ciro shi, yi hankali da soson da ke ƙarƙashi. Yakan ruɓe ya zama baƙin gari mai danƙo, ya manne da wayar. Kuma idan za ka goge firet da soson ƙarfe, rufe maɗaukin da salatif, in ba haka ba maganaɗisun zai tsince ɓurɓushin duka.

Tsatsa fa, da sukurorin da ke juyawa ba sa kamawa?

Jiƙa ƙananan ƙarafa a mai, ka goge da tsohon buroshin haƙori. Dusashewar launi ba cuta ba ce, a bar ta. Ramin sukurun da ya buɗe kuma, tura masa tsinken sakace biyu da gam ɗin kafinta, ka bari ya bushe.

Idan tsatsar ta taru a kewayen farantin gaba kaɗai, farantin ne mai laifi. Na wancan zamani da seluloid aka yi su, yana motsewa har ya ja sukurori, idan ya fara ruɓewa kuma yana fitar da iska mai cin ƙarfe. Wanda ya fara tsattsagewa yana wari, cire shi ka ajiye daban nesa da wuta. Mai lafiya kuwa, in ka cire shi don aiki, ɗaure shi a kan katako da sukurorinsa, domin kwana kaɗan a sake sun isa ya ƙi komawa ramukansa.

Waɗanne tsirkiyoyi zan sa, kuma yaya ake saiti?

Auna tsawo tukuna. Precision da Jazz inci 34 ne, Mustang da Höfner wajen 30, kuma tsirkiyar wannan ba ta zama a wancan. Masu santsi su ne na asali, su ke ba da amon nan mai kauri na James Jamerson na Motown, wanda aka sani da rashin sauya nasa sai sun tsinke. Masu kaushi sun yaɗu ne bayan Rotosound ta fitar da nata a 1966 tare da John Entwistle, makaɗin bes na ƙungiyar The Who. Sun fi kaifin sauti, sun kuma fi cin firet. Ga wuyan da ya tsufa, fara da marasa kauri.

Saiti yana da jeri: lanƙwasar wuya kamar yadda aka bayyana a sama, sannan tsayin tsirkiya a jaki, wajen milimita 2.4 a firet na 17, sannan tsayin maɗauki, daga ƙarshe daidaiton murya. Kaɗa tsirkiya a sake, ka danne ta a firet na 12. Idan ta biyun ta haura, ja sirdinta, wato ɗan ƙarfen da take hawa a kan jaki, baya, idan ta gaza, tura shi gaba. Wuya ya ƙi ba ka tsayin da kake so ko da sirdi ya kai ƙasa? Ɗan siririn kati a cikin ramin wuya yana gyara kusurwar, masana'antar ma haka take yi.

An haɗa mini da tsohon amfilifaya. In jona shi?

Tsaya. Na Amurka wuta mai ƙarfin bolt 120 yake sha, na Japan 100, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce, sai da taransifoma mai rage wuta. Ban da haka, tsofaffin masu kwalabe da filogi mai baki biyu ba su da at, kuma tsirkiyoyin da ke hannunka a haɗe suke da jikin amfilifayan. Kafasitocin ciki suna riƙe wutar da za ta iya kisa ko bayan an zare filogi. Kai shi wurin wanda ya san irinsu ya sa masa waya mai baki uku.

Zan iya sayo ta daga waje, ko in fita da ita?

Duba itacen allon yatsu. Rozwud na Brazil, wanda ke kan da dama daga cikin Fender da Gibson na kafin tsakiyar shekarun 1960, yana cikin rukuni mafi tsanani na yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, tun 1992, kuma ƙetare iyaka da shi sai da takardar shaidar cewa an sare shi kafin lokacin. A 2017 an sa sauran nau'o'in rozwud cikin takunkumi, sannan aka cire kayan kiɗa a ƙarshen 2019, ban da na Brazil ɗin. Nemi takardar daga mai sayarwa kafin ka tura kuɗi. Ka ce masa kuma ya ɗan sassauta tsirkiyoyi, ya cusa takarda a kewayen kai, in wuyan mai sukurori ne ya cire shi ya naɗe daban. Idan kwalin ya iso daga ƙasa mai sanyi, bar shi a rufe kwana ɗaya a ɗaki kafin ka buɗe, saboda tsagogin da aka ambata a amsar fenti.